Tsohon Babur Ɗin Da Ke Jingine A Zaure: Yadda Za Ka Tayar Da Shi Da Taimakon Wayarka

Yau za mu ɗan kauce daga maganar waya da data, amma ba da nisa ba, domin wayar ce za ta yi maka kusan rabin aikin.

Duk wanda ya san ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunchi ko Minjibir ya san wannan hoton: tsohon babur jingine a zaure ko a bayan rumbu, tayoyi sun sace, kaji sun mai da sirdinsa wurin kwana. Wani na Baba ne tun yana malamin makaranta. Wani kuma daga birni ya dawo bayan gwamnatin Kano ta hana acaɓa a farkon 2013. Ƙarshen yawancinsu ɗaya ne: wata rana ɗan gwangwan ya zo da sikeli, a auna shi da kilo, a ba da kuɗin da bai kai na ƙaramar waya ba. Alhali sabon babur yanzu ya fi ƙarfin matashin da ke jiran kaka kafin ya ga kuɗi a hannunsa. Shi ya sa kafin a kira mai sikeli ya kamata a tsaya a duba ko mashin ɗin zai tashi.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Ba kowane tsohon babur ne ya cancanci wahalarka ba. Goge wuyan firam ɗin, wajen da kan babur ke juyawa, za ka ga lambar jiki. Lambar inji kuma tana ƙasa a gefen injin, galibi ta hagu. Ɗauki hotonsu, ka rubuta haruffan farko a Google tare da sunan kamfanin. Da su za ka gane samfurin, kuma da sunan samfurin za ka nemo littafin gyaransa a PDF ka ajiye a waya, ko babu sabis kana da shi.

Idan ka ga Honda CG125 ne, ko wani ɗan China mai irin injinsa, to ka yi sa'a. Honda ta fito da shi a 1975 musamman don ƙasashe irin namu. Injiniyoyinta sun zaga kudu maso gabashin Asiya, suka tarar mutane na lafta wa babur kaya, ba sa canza baƙin mai sai inji ya buga, kuma injinan da Honda ke sayarwa a lokacin daga sama suke fara lalacewa idan mai ya yi datti. Sai suka sauko da ƙarfen da ke buɗe bawul zuwa ƙasa kusa da mai, aka sa sanduna biyu suna tura bawul ɗin daga can. Matatar iskar ma ta soso suka yi, a wanke a mayar. Daga baya kamfanonin China suka kwaikwayi injin nan ba adadi, shi ya sa har yau fistan, ringi, gasket da kafiretarsa ba sa wuyar samu, kuma babu bakaniken ƙauyen da bai san cikinsa ba. Dangin Super Cub, wato su C70 da C90, su ma haka labarinsu yake. Tun 1958 ake ƙera su, a 2017 Honda ta sanar ta cika miliyan 100.

Masu hayaƙi kuwa, irin su Suzuki A100, Yamaha YB100 da Vespa, lissafinsu daban. Injinsu ya fi sauƙin kwancewa tunda babu bawul na sama, amma suna ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma sun fi shan fetur ɗin. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, wannan ba abin damuwa ba ne. Yanzu kuwa abin dubawa ne. Ni a ganina Vespa ta sha'awa ce da zuwa ɗaurin aure. Ƙananan tayoyinta ba sa son yashin hanyar gona, kuma wanda ke son abin kai taki da ɗauko buhun gero gara ya nemi mai manyan ƙafafu.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya

Tambayi takardu. Idan babur ɗin na marigayi ne, ya shiga gado, ba naka kai kaɗai ba ne don kai ka fara ganinsa. A zauna da 'yan uwa a yi masa kuɗi tun yana gawa, don ranar da ya tashi yana ƙyalli kowa zai tuna yana da kaso. Idan saye za ka yi, a rubuta lambar jiki da ta inji a takarda a gaban shaidu. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa kuwa, ka bar ta ko da kyauta ce.

Sai wurin aiki. Zaure ya isa idan akwai haske da iska. Shimfiɗa buhu ko tsohuwar leda, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin inji ta isa ta ɓata aikin mako guda. Nemi gwangwanayen madara ka raba notuna kashi-kashi, kowanne da rubutu a jiki. Kuma kafin ka cire komai, ɗauki hoto. Bayan ka cire, ƙara ɗauka. Wayoyin wuta musamman, ka ɗauke su kusa yadda launinsu zai fito. Buɗe wa hotunan fayil nasu daban, ka tura su Google Photos ko ka aika wa kanka ta WhatsApp, saboda waya na iya faɗawa cikin kwanon kalanzir.

Ga wani abu da ko bakanikai da yawa ba su lura da shi ba. Sukurorin baburan Japan masu kan gicciye ba irin na sukundireba ta kasuwa ba ne. Ma'auninsu na Japan ne, ana kiransa JIS, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a kan sukurun. Sukundireba ta gama-gari zamewa take yi tana cinye kan. Idan ba ka samu ta JIS ba, nemi irin wadda ake bugawa da guduma tana juyawa, ka jiƙa sukurun da kalanzir ya kwana.

Inji: kada ka yi gaggawar buɗe shi

Kuskuren farko shi ne zuba fetur a hau kiki. Cire filogi, ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin, ka bar shi ya kwana, sannan ka taka kiki da hannu a hankali. Idan ya juya, toshe ramin da babban yatsa ka sake takawa. Iska ta ture yatsanka da ƙarfi? To da sauran rai a fistan da ringi. Daga nan jingina filogin a jikin inji ka duba ko yana ba da tartsatsi mai shuɗi. Inji abu uku yake nema: matsi, wuta da mai. Biyu sun samu, saura kafireta, wadda kusan kullum tsohon fetur ne ya daskare ya toshe ƙananan ramukanta. Wanke ta da sabon fetur, ka hura ramukan. Kada ka zura allura, faɗaɗa ramin za ta yi, babur ya koma mashayi.

A CG125 tazarar bawul milimita 0.08 ce, inji na sanyi, baƙin mansa kuma kusan lita ɗaya. Vespa irin PX tana son kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 na mai a kowace litar fetur, amma wasu tsofaffin sosai sun fi haka, don haka duba littafin. A100 da YB100 famfo ne ke ba su mai daga wani ƙaramin tanki. Tabbatar famfon na aiki kafin ka yi nisa, in ba haka ba fistan zai kama.

Tanki mai tsatsa, zuba masa notuna da kalanzir ka girgiza, ka maimaita har ya fito fes. Idan ya huje, kada ka kai wa mai walda haka nan. Tururin fetur na zama a ciki ko da tankin ya bushe, kuma shi ne ke fashewa. Haka kuma kada ka tayar da babur a ɗaki rufe.

Birki da taya ba a yi musu rowa. Takalmin birkin da ya shekara goma a ajiye fatarsa na iya ɓallewa ta kulle ƙafar kana tafiya, canza shi kawai, kuma kada ka hura ƙurar da baki, ta tsofaffin na da illa ga huhu. A jikin taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekara: 1219 na nufin mako na 12 a 2019. Idan uku ka gani, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Abin da babu shi a kasuwar Dambatta ranar Lahadi, sai a shiga Kano, Ƙofar Ruwa na da tsofaffin ƙarafa. Tafi da tsohon a aljihu, hoto kaɗai ba ya nuna girma.

Cajin waya a kan babur

Na san nan da yawa ke jira. Tsofaffin baburan nan galibi wutarsu bolt 6 ce, yawancin cajojin USB na babur kuma 12 suke nema kafin su sauke ta zuwa 5 ɗin da waya ke sha. Ari mitar gwajin wuta wajen mai gyaran waya ka auna batir, ko ka karanta jikinsa. Idan 6 ne, komawa 12 na nufin sabon batir, na'urar daidaita wuta ta 12, ƙwayayen fitila, hon da abin sigina, wani lokaci har da sake naɗa kwayil ɗin fitila. Nan kam gara ka sa mai wayarin ya tsaya maka.

Fitilar gaba ta yawancinsu kai tsaye daga inji take shan wuta, shi ya sa take dushewa idan ka sassauta. Ƙwan LED da aka yi don batir, in ka jona shi a wannan layin, ƙiftawa zai yi ko ya ƙone. Cajar kuma a jona ta bayan makulli, da ƙaramin fis a layinta, don kada ta shanye batir cikin dare. Sannan a kula da maƙala waya a kan babur: a 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamarar iPhone. Kan burji ma abin ya fi muni. Aljihu ya fi mata.

Kwalliya

A Instagram da TikTok za ka ga CG an yanke masa mudgad, an cire akwatin matatar iska an maƙala wata 'yar ƙarama a waje, an sa sirdi siriri. Kyau kam akwai shi, amma a kwaltar Turai da Indonesiya. A nan ƙurar hunturu za ta bi ta wannan matatar ta cinye ringi, rashin mudgad ya yi maka wanka da laka da damina, cire kariya kuma ya raba ka da abin da ya sa ake sayen babur a ƙauye. Huda salansa ba ya ƙara gudun kirki, sai dai ƙarar da za ta haɗa ka da dattawan unguwa. Fenti, sabuwar rigar sirdi da goge ƙarafa su yi ƙyalli sun isa su sa a juyo a kalle ka. Fentin ma ka yi shi da safe ranar da iska ta kwanta, ka yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, kuma asalin tambarin jikin tanki ka cire shi ka adana, ka mayar bayan ya bushe.

Idan ka sa sabon fistan da ringi, kilomita 500 na farko a tafi a hankali, ba goyon buhu, ba murɗe totur har ƙarshe. Bayan nan ka juye baƙin man, ka wanke 'yar ragar da ke tace shi a ƙasan inji, ka sake auna tazarar bawul da safe kafin ka tayar.