Zaɓen Bututu da Ingancin Haɗa Shi a Rijiyoyin Burtsatse da Injunan Ban-ruwa na Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani sashe na aikin samar da ruwa wanda ba a cika kulawa da shi ba, watau bututun da ke ɗauko ruwa daga rijiya zuwa tanki ko zuwa gona, da kuma yadda ake haɗa shi. Abin da aka saba gani shi ne, magidanci ko manomi ya kashe kuɗi masu yawa wajen haƙa rijiya da sayen inji, amma da an zo kan bututu sai ya ce a nemo mai araha. Bayan shekara ɗaya ko biyu, in ruwa ya ragu ko inji ya ƙone, sai a ɗora laifin a kan mai haƙa ko a kan injin, alhali kuwa sau da yawa cutar tana cikin bututu. Za mu duba al'amarin ta fuska uku: faɗin bututu, da abin da aka yi shi da shi, da kuma aikin haɗawa.

2.0 Yadda Al'amarin Ya Samo Asali

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasa ce ta noma, wadda ta shahara da auduga da masara da dawa, ga kuma rake da tumatir a fadamun Ɗanja da Ƙafur da Bakori. A shekarar 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, lokacin yankin yana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. Shi da na Gusau da na Gombe su ne ukun farko a Nijeriya. A cikin shekarun 1980 ne ƙananan injunan fetur da rijiyoyin fadama na bututu suka fara maye gurbin jigo a Arewa, sa'an nan Shirin Fadama na Ƙasa, wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1990, ya ƙara yaɗa su. A cikin gari kuwa, ƙaruwar jama'a ta sa ruwan famfo daga madatsai irin su Mairuwa bai wadatar ba, don haka duk mai hali ya koma ga burtsatse da tankin sama a gidansa.

Abubuwa biyu sun sa wannan magana ta zama mai muhimmanci. Na farko, ƙarƙashin ƙasar yankin tsohon dutse ne mai tauri, ruwa kuwa ba ya samuwa sai a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsage-tsagen dutsen. Saboda haka rijiyoyi da yawa ruwansu ƙayyadadde ne, musamman a watannin Maris da Afrilu. Na biyu, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin tayar da inji ya ninka, manoma da magidanta da dama kuma suka juya ga famfo mai aiki da hasken rana, wanda ƙarfinsa a aune yake da yawan farantansa. Ke nan ba ruwan da za a yi wasa da shi, ba kuma ƙarfin inji na zubarwa.

3.0 Faɗin Bututu

Duk injin da ke tura ruwa yana fama da nauyi iri biyu. Akwai nauyin ɗaga ruwa daga inda yake a rijiya zuwa bakin tanki, wannan kuwa ba makawa. Akwai kuma gogayyar da ruwa ke yi da jikin bututu yayin da yake gudu, ita ce wadda ke hannun mai aiki ya rage ta ko ya ƙara ta. Masana sukan auna gogayyar da mita, kamar a ce an ƙara wa tankin tsawo.

Ƙa'idar da injiniyoyi suka daɗe suna aiki da ita ta nuna cewa in aka rage faɗin bututu da rabi, alhali yawan ruwan bai canza ba, gogayyar takan ninka kusan sau 30. Bari mu kawo misali da lissafin da muka yi bisa wannan ƙa'ida. A ɗauka gida ne mai bukatar lita 2,000 a sa'a guda, ta cikin bututun roba mai tsawon mita 100. In faɗin cikin bututun milimita 20 ne, gogayyar za ta kai wajen mita 18. In milimita 25 ne, za ta sauko zuwa mita 6. In kuwa milimita 32 ne, ba za ta wuce mita 2 ba. To, in daga ruwan rijiyar zuwa bakin tanki mita 36 ne, injin da aka haɗa wa siririn bututu yana aikin mita 54 ke nan, mai faffaɗan kuwa mita 38. Bambancin mita 16 ɗin nan maigida ne zai riƙa biyansa kullum, ko da fetur, ko da ƙarin farantan sola, ko kuwa da jiran tankin da ba ya cika sai la'asar.

Haka abin yake a fadama. Manomi yakan sayi inji mai baki inci 3, sa'an nan ya rage bakin ya ɗaura masa mesa mai inci 2 don ita ce a hannu. In ana so a tura ruwan da mesa mai inci 3 za ta ɗauka ta cikin mai inci 2, gogayyar za ta ninka kamar sau 7. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ruwan ya ragu ƙwarai, manomi ya daɗe yana ban-ruwa, mai kuwa yana ƙonewa. Kazalika kowace gwiwa da aka saka a hanya tana ƙara nata nauyin, don haka miƙaƙƙiyar hanya ta fi mai yawan kwana. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada gudun ruwa a bututun roba ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu a daƙiƙa.

Wannan darasi bai tsaya a kanmu kaɗai ba. A Ingila, inda ake sauya tukunyar gas da na'urar da ke janyo ɗumi daga iskar waje ta ɗumama gida, an tarar cewa sabuwar na'urar tana bukatar ruwa ya zaga da yawa fiye da tsohuwar, siraran bututun da ke wasu gidaje kuwa sukan shaƙe ta, har ta ci lantarki fiye da kima. Na'urar daban ce da tamu, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Sai kuma ɓangaren zuƙa. Injin da ke zaune a bakin rijiya nauyin iskar sararin sama ne ke turo masa ruwa, iyakar abin da wannan nauyi zai ɗaga kuwa mita 10 ne da 'yan kai a gaɓar teku. Ƙasar Funtuwa tana kan tudu, saboda haka iyakarta ta ɗan gaza wannan, a aikace ma da wuya inji ya zuƙo da kyau daga zurfin da ya wuce mita 6 ko 7. Shi ya sa manoma kan haƙa rami su saukar da inji idan rani ya yi nisa. Lalle ne mesar zuƙa ta zama gajera, mai kauri wadda ba ta motsewa, kada kuma ta gaza bakin injin faɗi.

4.0 Ire-iren Bututu

Iri huɗu ne aka fi samu a kasuwanninmu.

Na farko shi ne na ƙarfe mai rufin tutiya. Yana jure duka da rana, ya dace da inda bututu zai tsaya a fili. Aibinsa tsatsa, musamman inda ruwan ƙasa yake da ɗan tsami. Binciken da aka yi kan famfunan tuƙa-tuƙa a Afirka ta Yamma tun shekarun 1980 ya nuna cewa irin wannan ruwa yana cin bututun ƙarfe cikin 'yan shekaru, ruwan ya riƙa fitowa ja da safe, har mata su ƙaurace masa su koma tafki. Wannan yana cikin dalilan da suka sa famfo samfurin Afridev yake aiki da bututun roba, saɓanin India Mark II na asali.

Na biyu shi ne PVC, wanda ya fi kowane yaɗuwa saboda sauƙin kuɗi da santsin ciki. Amma fa aji-aji ne. Akwai na matsi, wanda ake rubuta lambarsa a jikinsa, 6 ko 10 ko 16, kowace lamba ɗaya kuwa tana daidai da nauyin ruwa mai tsayin mita 10. Akwai kuma na kwata da na wayar lantarki, waɗanda ba a yi su don matsi ba sam, amma saboda araha sai a same su a aikin burtsatse. Daɗin daɗawa, lambar da ke jikin bututu an ƙayyade ta ne ga ruwa mai sanyi. In zafi ya kai digiri 45, ƙarfinsa yakan ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, bututun da aka shimfiɗa a rana a watan Afrilu kuwa yakan kai haka. Hasken rana kuma yana busar da shi a hankali har ya zama mai saurin fashewa.

Na uku shi ne baƙin bututu mai naɗuwa, watau HDPE. Yana zuwa a naɗe, mita 50 ko 100 ba haɗi, baƙin da ke jikinsa kuma yana kare shi daga rana. Shi ya fi dacewa da doguwar hanya daga rijiya zuwa gona, da kuma rataya injin da ake zurawa cikin rijiya. Sai dai yana miƙewa da zafi ya motse da sanyi fiye da sauran, don haka ba a ɗaure shi tamau.

Na huɗu shi ne PPR, wanda ake haɗawa da na'urar narkarwa a zafin digiri 260. Ya dace da cikin gida da ruwan zafi. In mai aiki ya zarce wajen narkarwa, robar takan taru a cikin haɗin ta toshe rabin hanya, ido kuwa ba ya ganin wannan daga waje.

5.0 Aikin Haɗawa

Ko an sayi bututu na gari, mugun haɗi yana ɓata shi. Kurakuran da suka fi yawa su ne waɗannan:

(a) Gasa bakin bututu a wuta don a zura wani cikinsa maimakon a sayi soket. Wuta tana sirantar da robar, wurin kuwa shi ne farkon fashewa.

(b) Shafa gam a kan ƙura ko danshi, da sakin ruwa nan take. Ƙa'ida ita ce a yanke bakin daidai, a kankare shi, a goge, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a zura a ɗan murɗa, sa'an nan a bar shi ya kwana kafin a sa masa matsi.

(c) Ɗaure mesar zuƙa da igiyar roba ta tsohon tayar keke. 'Yar ƙofar da ba ta ɗigar da ruwa tana iya shigar da iska, inji ya yi ta kuka ba ruwa.

(d) Rashin bawul mai hana ruwa komawa. Duk lokacin da aka kashe inji ruwan yakan koma da ƙarfi, ya girgiza haɗe-haɗe ya wahalar da injin.

(e) Binne bututu sama-sama. A cikin gida zurfin santimita 45 zuwa 60 ya isa, amma inda garmar shanu ko tarakta ko amalanke ke bi, sai an ƙara. A shimfiɗa yashi ko lallausar ƙasa a ƙasansa da samansa, kada tsakuwa ta taɓa shi.

(f) Rufe rami kafin gwaji. Kamata ya yi a cika bututu da ruwa, a bar haɗe-haɗen a buɗe, a duba su ɗaya bayan ɗaya.

Ɓarnar mugun haɗi ba ta tsaya ga aljihu ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bututun da ke yoyo lokacin da ruwa ke gudu, shi ne ke zuƙo ƙazanta lokacin da aka kashe inji, balle in ya ratsa lambatu ko ya bi kusa da masai. Jihar Katsina tana cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta taɓa sosai, gurɓataccen ruwa kuwa shi ne babbar hanyar wannan cuta. Don haka wajibi ne a nisanta rijiya daga masai da aƙalla mita 30, a liƙe wuyanta da siminti, bututun sha kuma kada ya kwanta cikin kwata.

6.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, a zaɓi inji da bututu tare, bayan an san yawan ruwan da rijiyar ke bayarwa da nisan da zai tafi. Na biyu, mai saye ya karanta rubutun da ke jikin bututu, wanda ba shi da lambar matsi da sunan masana'anta kuwa a bar wa mai shago kayansa. Na uku, maigida ya riƙe wani kaso na ladan aiki sai an gwada a gabansa. Na huɗu, mu malaman kwalejojin ilimi da na makarantun koyon sana'a mu shigar da wannan lissafi cikin darussanmu da harshen Hausa, mu kuma haɗa kai da malaman gona don a kai shi ga masu gyaran famfo, waɗanda akasarinsu a wurin maigida suka koyi aikin, hannunsu ya ƙware amma ba a taɓa nuna musu dalilin ƙa'idar ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙarancin faɗin bututu yana ƙara wa inji nauyin da bai kamata ba, kowane irin bututu yana da muhallinsa, haɗi mara kyau kuma yana jawo asarar dukiya har da ta lafiya. Kuɗin bututu kaɗan ne in aka gwada shi da na haƙa da na inji, kuma sau ɗaya ake biyansa, amma kuɗin mai da na gyara kullum ne. Araha dai ba ta ado. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman malaman sashen fasaha da na aikin gona, za su ɗauki awon ruwa da na mai a wasu gidaje da fadamun yankin, domin a sami alƙaluman da za a gina jagorar masu aiki a kansu.