MAI BINCIKEN MUTUWA: MUTUMIN DA KE YI WA MAMACI SHAIDA

Daga Wakilinmu a Ikko

A GARIN Hyde, kusa da birnin Manchester na ƙasar Ingila, an yi wani likita mai suna Harold Shipman wanda tsofaffin garin suka amince da shi ƙwarai, domin har gida yakan bi su ya duba lafiyarsu. Shekara da shekaru tsofaffin nan suna ta mutuwa jim kaɗan bayan ziyararsa, shi kuwa sai ya cika takardar shaidar mutuwa da hannunsa, ya ce tsufa ne ko ciwon zuciya, a yi jana'iza a watse. Asirinsa bai tonu ba sai cikin 1998, sa'ad da ya ƙaga wasiyyar ƙarya da sunan wata dattijuwa, 'yarta ta kai ƙara, aka tono gawar aka tarar an ɗura mata maganin kashe raɗaɗi fiye da kima. Cikin Janairun 2000 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 15, sa'an nan hukumar bincike ta Mai Shari'a Janet Smith ta tabbatar cikin 2002 cewa waɗanda ya kashe sun kai 215.

Abin da ya ba mutumin nan dama shi ne, babu wani na dabam da ke zuwa ya tsaya kan gawa ya yi tambaya. To, wannan tsayuwa da tambaya su ne aikin jami'in da ake kira mai binciken mutuwa.

ASALIN AIKIN

Shi wannan jami'i yana aiki ne ƙarƙashin alƙalin binciken mutuwa, wanda Turawa ke kira korona. Kada mai karatu ya rikita shi da annobar nan ta 2020, ko da yake tushen sunayen ɗaya ne, watau kalmar Latin mai ma'anar kambin sarauta. An kafa muƙamin a Ingila cikin 1194, zamanin Sarki Richard na Ɗaya, don kare haƙƙin sarauta idan an tsinci gawa. Daga can ne ya bi Turawa zuwa Amurka da sauran ƙasashen da suka mallaka, har da Nijeriya.

Alƙalin binciken mutuwa ba ya ɗaure kowa, ba ya sakin kowa. Tambayoyi huɗu kawai doka ta ɗora masa: wane ne ya mutu, yaushe, a ina, kuma ta yaya? Ba kuma kowace mutuwa ce ake kai masa ba, sai ta farat ɗaya wadda ba a san sanadinta ba, da ta haɗari ko tashin hankali, da wadda ta auku a kurkuku ko a hannun 'yan sanda. Da yake alƙali a kotu yake zaune, likitan binciken gawa kuwa a asibiti, dole a sami wanda zai zama idonsu da kunnensu a wurin da abin ya faru.

A WURIN GAWA

A Amurka, inda aka fi tsara wannan aiki, wurin da abin ya faru na 'yan sanda ne, amma gawa ta mai binciken mutuwa ce, ba mai taɓa ta sai da izninsa. In ya iso, yakan rubuta lokaci, ya ɗauki hoton gawar yadda ya same ta, sa'an nan ya duba abin da jiki ke faɗi da kansa. Gaɓoɓin mamaci sukan fara sandarewa 'yan sa'o'i bayan mutuwa, su kafe sarai wajen sa'a 12, su sake saki bayan kwana ɗaya ko biyu, zafin gari kuwa yana gaggauta wannan duka. Haka nan jini, da zarar zuciya ta tsaya sai ya gangara ya kwanta a ɓangaren da ke ƙasa. Saboda haka in aka sami mutum rub da ciki, alhali jininsa ya kwanta a gadon baya, lalle wani ya juya shi bayan ya cika, kuma dole a san ko wane ne, a san dalili.

Daga nan sai ya waiwayi ɗakin. Yakan ƙirga ƙwayoyin maganin da suka rage a kwalba ya gwada da ranar da aka saye su. Yakan duba ko ƙofa a kulle take ta ciki, ya tambayi wanda ya yi wa mamacin ganin ƙarshe, ya nemi likitansa da katinsa na asibiti. Duk abin da ya ɗauka sai ya sa masa lamba ya rubuta hannun da ya shiga, don kada lauya ya ce a gaban kotu an sauya shi a hanya. Shi ne ke tabbatar da sunan mamaci, ta hanyar dangi ko zanen yatsu ko haƙora, kuma sau da yawa shi ne ke kai wa iyali labarin rasuwa. Rahotonsa ne likita zai karanta kafin a yanke shawarar buɗe gawa ko barin ta, daga bisani a rubuta mutuwar cikin ɗaya daga gidaje biyar: ta Allah da Annabi, haɗari, kisan kai, kashe kai da kai, ko wadda ba a tantance ba.

Ga misalin da ba baƙo ba ne gare mu. A wayi gari a sami iyali guda sun mutu a ɗaki, kafin azahar unguwa ta riga ta yanke hukunci, wasu su ce kishiya ce ta sa guba, wasu su ce sammu ne. Amma mai horo zai fara neman inda aka ajiye janareta ko kaskon gawayi, domin hayaƙinsu yana ɗauke da iska mai kisa wadda ba ta da wari, kuma takan bar alamar ja a jikin mamaci. Da wannan duba ɗaya an wanke baiwar Allah daga zargi, an kuma gargaɗi maƙwabta.

WANE NE YA CANCANTA?

Ba dole ba ne mai binciken mutuwa ya zama likita. Yawancinsu tsofaffin ma'aikatan jinya ne, ko na motar ɗaukar majiyyata, ko 'yan sanda, ko waɗanda suka karanta kimiyyar binciken laifi. Cikin 1998 aka kafa wata hukuma a Amurka mai ba su takardar shaidar ƙwarewa, wadda ta fara da sharaɗin mutum ya kai shekara 18, ya gama sakandare, yana aiki a ofishin binciken mutuwa, ya yi sa'o'i 640 a bakin aikin, sa'an nan ya ci jarrabawa. Dole ya san sassan jikin ɗan Adam da sunayen cututtuka da magunguna, ya san doka, ya iya rubuta rahoto da ba da shaida.

Amma fa takarda rabin cancanta ce. Sauran rabin hali ne: juriyar ganin ruɓaɓɓiyar gawa da tsakar dare, taushin harshe ga wanda ke cikin makoki, riƙon asiri, da tsayawa kan gaskiya ko da wanda binciken zai taɓa mai damara ne ko mai dukiya. Wanda zai karɓi na goro ya rubuta ciwon zuciya a inda ya ga shatin igiya, gara a ce babu shi.

YADDA ABIN YAKE A GIDA

A Nijeriya majistare ne ke zama alƙalan binciken mutuwa, aikin zuwa wurin gawa kuwa ya faɗa wuyan 'yan sanda, waɗanda horonsu na kama mai laifi ne, ba na karanta jikin mamaci ba. Jihar Ikko ta sabunta dokarta cikin 2007, ta tanadi babban alƙalin binciken mutuwa da babban likitan binciken gawa. An ga amfanin haka sa'ad da jirgin Dana ya faɗi ran 3 ga Yuni 2012 da mutum 153, aka bi gwajin ƙwayoyin halitta aka miƙa wa iyalai gawarwakin 'yan'uwansu. Haka kuma bayan rushewar masaukin baƙi na cocin Synagogue ran 12 ga Satumba 2014, inda mutum 116 suka mutu, alƙalin binciken ya bayyana cikin Yulin 2015 cewa ginin ba shi da izni, kuma aikinsa ba shi da inganci.

Mun san abin da ke ran mai karatu. Addini ya umarce mu da gaggauta jana'iza, kuma babu mai son a kai nasa mutuware, balle a taɓa shi da wuƙa. Wannan damuwa ba tamu kaɗai ba ce. Cikin Afrilun 2018 Babbar Kotu a Landan ta soke ƙa'idar wata alƙaliyar binciken mutuwa da ta ce ba za ta gabatar da wata gawa a kan wata don addini ba, bayan ƙungiyar jana'iza ta Yahudawa ta kai ƙara. A wasu sassan Ingila ma ana duba gawa da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki maimakon buɗe ta.

Sa'an nan shari'ar Musulunci da kanta tana bukatar amsoshin tambayoyin nan. Wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe, diyya da kisasi sun rataya ga sanin ganganci ne ko kuskure, kuma in uba da ɗa suka mutu a haɗari guda, rabon gado ya danganta ga sanin wanda ya riga wani cikawa.

Saboda haka gaggawar jana'iza hujja ce ta samar da masu binciken mutuwa, ba ta ƙin su ba. In akwai mai horo a kowane babban asibiti wanda zai iso cikin sa'a guda ya duba, ya ɗauki hoto, ya rubuta, yawancin gawarwaki za a sallame su a rufe su a ranar, sai 'yan kaɗan masu alamar tambaya za a tsayar. Abin da aka wanke aka sa a likkafani ba a duba ba, ya tafi ke nan. Muna kira ga majalisun dokokin jihohi da kwalejojin horar da ma'aikatan lafiya su dubi wannan giɓi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.