Ko Ya Kamata A Keɓe Wa Kakanni Mata Rana Tasu?

A ƙasashen Turawa da dama akwai ranar da a ke keɓe wa kaka mace, uwar uwa ko uwar uba. Mutanen Folan su na yin tasu ran 21 ga Janairu. A Faransa kuwa ran Lahadi ta farko ta watan Maris ce, kuma wani kamfanin sayar da kofi ne ya ƙago ta cikin 1987. A Amurka, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar ranar kakanni maza da mata cikin 1978. To, shin mu ma ya kamata mu bi sahu?

Kafin mu amsa, sai mu tuna da matsayin kaka a gidan Bahaushe. Ita ce ke tsaye a kan mai jego har ta gama wanka, ta na dama mata kunun kanwa. In lokacin yaye ya yi, ɗakinta a kan kai yaro. Ita ce mai tatsuniya bayan sallar lisha. Jika namiji mijinta ne a wajen wasa, mace kuwa kishiya, sabo da haka abin da yaro ke jin nauyin faɗa wa uwa tasa, ya kan faɗa wa kaka ba da tsoro ba.

Masu ƙin wannan shawara su na da hujja. Su kan ce wadda a ke gaisarwa kullum safiya ba ta bukatar rana guda a shekara. Su na kuma tuna mana da Anna Jarvis, wadda ta yi ta fama har aka tabbatar da ranar uwa a Amurka cikin 1914, amma daga baya ta juya ta na yaƙi da ita, domin 'yan kasuwa sun mai da ita hanyar ciniki.

Amma fa sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Aikin albashi ya raba da yawanmu da garuruwanmu. Malami ya na wannan gari, tsohuwarsa ta na wancan, 'ya'yansa ba su ganinta sai da Salla, wani lokaci ma Sallar ta wuce. Mu da mu ke horad da malamai mu kan tarad da ɗalibin da ba ya iya kawo tatsuniya uku cikakku, ko ya ja asalin gidansu ya wuce kakansa. Duk tsohuwar da ta rasu ba a saurare ta ba, ta tafi da abin da ba ya cikin littafin kowa.

Sabo da haka ra'ayinmu shi ne a keɓe ranar, amma a ɗora ta a kan makarantu, kada a bar wa kantuna. Ko wace makaranta ta gayyato tsofaffin unguwa da maraice, tun da ya ke al'ada ta hana tatsuniya da rana. Yara su saurara, manyansu su rubuta, malami ya adana. Ma'aikacin da ke nesa kuwa ya ɗauki iyalinsa ya kai su gida, da ɗan goro da turmin atamfa in da hali, su kwana biyu a ɗakin tsohuwa.

Sharaɗi guda ne: kada wanda ya yi wannan ya ɗauka ya sauke nauyin shekara, gama haƙƙin tsohuwa na kullum ne. Allah ya ba mu ikon saukewa, amin.