Bin sawun masu cuta lokacin annoba: Ina makomar sirrin jama'a?

Duk lokacin da annoba ta ɓulla, tambayar farko da jami'an lafiya ke yi wa wanda ya kamu ita ce: da wa da wa ka yi mu'amala? Daga amsar da ya bayar ake tattara sunaye, a nemo mutanen ɗaya bayan ɗaya, a sa musu ido har wa'adin da cutar kan ɗauka kafin ta bayyana ya cika. Wa'adin kwana 21 ne ga Ebola, ga korona kuwa kwana 14 aka ɗauka a farkon annobar. Wannan aiki shi ake kira bin sawu, kuma manufarsa a katse hanyar cutar kafin ta tsallaka zuwa mutum na gaba.

Sai dai amsa wannan tambaya na buɗe abubuwan da mutum bai saba faɗa wa kowa ba. Ɗan kasuwa zai ambaci abokan cinikinsa da garuruwan da yake sari, ma'aikaci zai faɗi ofisoshin da ya shiga da gidajen da ya ziyarta bayan tashi aiki. Wa ke riƙe waɗannan bayanai, har zuwa yaushe, kuma wa aka yarda ya gani?

Darasin Ebola a Legas

Najeriya ta ga amfanin bin sawu da idonta. A ranar 20 ga Yulin 2014, Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibitin da aka kwantar da shi, daga baya ita ma cutar ta yi ajalinta. Jami'an lafiya, ciki har da waɗanda suka goge a yaƙi da shan inna, suka bi sawun mutum 894, suka kai ziyarar ido da ido kusan 18,500 domin auna zafin jiki da duba alamomi. Mutum 20 suka kamu, takwas suka rasu, sannan a ranar 20 ga Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa cutar ta ƙare a ƙasar.

A cikin wannan nasara akwai wani darasi. Mutum guda daga cikin waɗanda ake sa wa ido ya sulale daga Legas zuwa Fatakwal, inda wani likita ya yi masa magani a ɓoye. Likitan ya kamu ya rasu, cutar kuma ta sami sabon reshe a Jihar Ribas. Bin sawu ya dogara ne kacokan a kan yarda: wanda ke tsoron tonon asiri ko tsangwama yakan ɓoye, ɓoyewarsa kuma kan jawo wa wasu.

Lokacin da waya ta shiga aikin

Da korona ta mamaye duniya a 2020, masu kamuwa sun fi ƙarfin ma'aikatan da ke yawo da takarda da biro, sai ƙasashe da dama suka koma ga wayar salula.

Koriya ta Kudu, wadda ta gyara dokarta bayan ɓarkewar cutar MERS a 2015, ta ba hukumomi damar duba bayanan waya da katin banki da kyamarorin tsaro. Akan aika wa jama'a saƙo ɗauke da shekarun mai cutar da jinsinsa da wuraren da ya shiga. Ba a faɗin suna, amma maƙwabta da masu bincike a intanet sukan gane mutumin, shagunan da aka ambata kuma ciniki kan ƙaurace musu. A Maris 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta gargaɗi gwamnati cewa abin ya wuce kima. Da cutar ta ɓulla a gidajen rawa na unguwar Itaewon a watan Mayu, mutane da yawa suka ƙi fitowa gwaji, har sai da aka ba da damar yin gwajin ba tare da bayyana suna ba.

A Isra'ila, gwamnati ta ɗora aikin a kan hukumar leƙen asiri ta Shin Bet, wadda ta yi amfani da kayan farautar waɗanda ake zargi da ta'addanci wajen bin sawun marasa lafiya. Kotun ƙolin ƙasar ta ce hakan ba zai ɗore ba sai da dokar majalisa. Norway kuwa ta dakatar da manhajarta a Yunin 2020, ta goge bayanan da ta tara, bayan hukumar kare bayanai ta ce kutsen ya fi amfanin yawa.

Abin da ya faru a Singafo ya fi jan hankali. An tabbatar wa jama'a cewa bayanan manhajar TraceTogether na yaƙi da cuta ne kawai, amma a Janairun 2021 wani minista ya shaida wa majalisa cewa 'yan sanda na iya karɓarsu domin binciken laifi. Ƙorafin da ya biyo baya ya sa aka yi doka da ta taƙaita hakan ga manyan laifuka rukuni bakwai. Wannan shi ne babban abin da masu kare haƙƙi ke tsoro: bayanan da aka karɓa da sunan lafiya su ƙare a wani teburi dabam.

Hanyar da ta rage kutse

A Afrilun 2020 kamfanonin Apple da Google suka fito da wani tsari na dabam. Wayoyin da suka kusanci juna sukan yi musayar lambobi marasa suna ta Bluetooth, lambobin kuma na zama a cikin wayar mai ita. Wanda ya kamu, in ya amince, sai a sanar da sauran cewa sun kusanci mai cutar, ba tare da an faɗi sunansa ko wurin haɗuwar ba. Jamus da Birtaniya sun koma wannan tsari. Rauninsa shi ne yana buƙatar wayar zamani da mutane masu yawa da za su sauke manhajar, kuma jami'an lafiya ba sa samun cikakken hoton yadda cutar ke tafiya.

Me doka ta ce a Najeriya?

Bayan an tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, hukumar NCDC da ma'aikatun lafiya na jihohi sun fi dogara da kiran waya da ziyarar gida. Duk da haka bayanan da aka tara suna nan: sunaye, lambobin waya, adireshi da sakamakon gwaji. Yanzu kuma da aka haɗa layukan waya da lambar NIN, lambar waya kaɗai ta isa a gano mutum.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa ta waya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana halin lafiyar majinyaci sai da amincewarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko idan ɓoyewar barazana ce babba ga lafiyar al'umma. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta wajabta a karɓi iya abin da ake buƙata, kada a karkatar da shi ga wata manufa, kada kuma a riƙe shi fiye da lokacin amfaninsa. Ta kuma kafa hukumar NDPC da ke karɓar ƙorafi.

Saboda haka wanda jami'in lafiya ya tuntuɓa yana da damar neman shaidar aikin jami'in, ya tambayi inda bayanansa za su je da lokacin da za a goge su. Lambar sirrin banki ba ta cikin abin da aikin ke buƙata, duk wanda ya nema ɗan damfara ne. Shugaban ofis ko na kasuwa da labarin rashin lafiyar wani ya zo hannunsa amana ya ɗauka, yaɗa sunan a zauren WhatsApp kuma na iya karya kasuwancin mutum, ya kuma koya wa na gaba ya yi shiru. Zazzaɓin Lassa da mashaƙo da kwalara na ci gaba da ɓulla a jihohi, kuma a duk ɓarkewa, wanda ya tabbata za a rufa masa asiri shi ne zai faɗi sunayen da ake nema.