Bahaushe baƙo a ƙasar Birazil

Bahaushen da ya sauka ƙasar Birazil, gaisuwa ce ke fara ɗaure masa kai. Macen da bai taɓa gani ba sai ta miƙo kumatu a sumbace ta, sau ɗaya a Sawo Pawulo, sau biyu a Riyo. In kunya ta sa ya ja da baya, sai a ce girman kai gare shi. In kuwa an gayyace shi liyafa ƙarfe takwas, ya iso daidai lokaci, yakan tarar mai gida bai ko fito wanka ba.

Wajen abinci ne hankali ke tashi. Shinkafa da wake ce cimarsu ta kullum, amma sau da yawa da naman alade cikin waken, balle dafuwar da suke kira feijoada. Tilas Musulmi ya koyi tambaya da harshen Fotugal tun bai kai loma baki ba, ya kuma koyi ƙin ci ba tare da ya ɓata wa mai masaukinsa rai ba, domin mutane ne masu son baƙo ƙwarai.

A birnin Salbado na jihar Bahiya baƙuncin ke raguwa. Can zai ga mata cikin fararen tufafi suna toya ƙosai da manja a bakin titi, suna ce masa acarajé. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma suka kai shi. Cikinsu har da Hausawa, waɗanda suka ƙulla tawaye a 1807, wasu kuma suka shiga boren Musulmi na 1835. An soke bauta a 1888, ƙosai ya zauna, sai dai a can tsaga shi ake yi a cusa masa jatan lande da yaji.