Gyaɗar Gonarmu da Ƙwayar "Tsawon Rai"

Wata magana ta zauna a bakin jama'a, wai duk abin da aka tatso daga tsiro ba ya cutarwa, kuma ƙwayoyin da ake tallatawa a WhatsApp suna hana tsufa, har su ƙara wa mutum kwana. Ina ganin girman masu wannan ra'ayi. Da saiwa da sassaƙe iyayenmu suka rene mu a Kurya Madaro da Zurmi da Shinkafi, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti ma asalinsa tsiro ne. Sai dai zaƙami shi ma tsiro ne, kowa kuwa ya san aikinsa.

Mu ɗauki resberatrol, sinadarin da aka fi zuzutawa. Ana samunsa a ɓawon inabi, ana kuma samunsa a gyaɗa, wadda kakanninmu suka riƙa lodawa a tashar Kaura Namoda bayan isowar jirgin ƙasa a 1929. A 2006 masu bincike a Jami'ar Harvard suka ga ya amfani ɓerayen da aka ɗura wa abinci mai maiƙo. Nan take kasuwa ta buɗe, har kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi Sirtris, kamfanin da ke aiki a kan sinadarin, a 2008 kan dala miliyan 720. A 2010 aka dakatar da gwajin sinadarin a kan masu wata cutar daji saboda ƙodar wasunsu ta taɓu. A 2014 aka fitar da sakamakon bibiyar tsofaffi 783 a yankin Chianti na Italiya tsawon shekara tara: waɗanda sinadarin ya yi yawa a jikinsu ba su fi sauran daɗewa ba.

Wani zai ce ai akwai lambar NAFDAC a kwalbar. Baba, a duba da kyau, sau da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba.

Ajali na Allah ne, neman lafiya kuma wajibinmu ne. Kuɗin kwalba guda sun isa a sayi gyaɗa da kwaɗon zogale da wake, a kuma je asibitin Kaura a auna hawan jini da sukari, cututtukan da ke kayar da dattawanmu ba sallama. Mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin asibiti kuwa, kada ya haɗiye irin wannan ƙwaya sai ya nuna wa likita.