Wayar Hannu a Asibiti: Me Ya Sa Wasu Suka Karɓa, Wasu Suka Ajiye?

Tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, ta shiga kasuwa, ta shiga tasha, ta kai har ɗakin tsohuwa a ƙauye. Amma a asibiti tafiyar hawainiya take yi. Mai ciki takan yi sammako ta sha hanya, ta tarar ba ranar awo ba ce, ko kuwa maganin da ta zo karɓa ya ƙare. Saƙo guda da ya hutar da ita. To, me ke sa wani asibiti ya riƙe aikin waya, wani kuwa ya gwada ya ajiye?

Abu na fari shi ne ma'aikata. Nas ɗin da mutum hamsin ke jiranta a benci, ga kati ga rajista, in an ce ta sāke rubuta kome a waya, an ƙara mata kaya ne. Ranar da mai duba aiki ya daina zuwa, wayar za ta koma aljihun tebur. A Kenya an yi gwaji da mutum 538 masu shan maganin ƙanjamau, aka bayyana sakamakonsa a 2010. Wajen rabinsu akan aika musu da gajeren saƙo sau ɗaya a mako, a tambaye su lafiya. Wanda ya ce da damuwa, ko ya yi shiru kwana biyu, sai nas ta kira shi. Waɗanda suka sami saƙon sun fi sauran riƙe maganinsu. Aikin bai yi nauyi ba, don haka ya yiwu.

Na biyu, wa zai biya? Sau da yawa wata ƙungiya takan kawo wayoyi da kuɗin shekara biyu ko uku. Kuɗin na ƙarewa, aikin ya mutu. A Uganda irin waɗannan gwaje-gwaje sun yi yawa, kowa da nasa tsari, har a 2012 Ma'aikatar Lafiya ta dakatar da su sai an daidaita. Afirka ta Kudu kuwa, da ta fara shirin MomConnect a 2014, gwamnati ce ta ɗauke shi nata. A asibiti ake rubuta sunan mai ciki, saƙonni kuma su riƙa zuwa mata kyauta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na uku, wuta da sabis. Ɗakin shan magani da ba shi da lantarki, inda sai an hau tudu kafin kira ya shiga, ba zai amfana da babbar waya mai bukatar intanet ba. Shi ya sa shirye-shiryen da suka yi nisa a karkara sukan dogara ga gajeren saƙo, wanda ƙaramar waya ma tana karɓa, da cajin hasken rana.

Na huɗu, harshe da karatu. Saƙon Turanci ga uwar da ba ta karatu, shuka ce a kan dutse. A arewacin Gana, a yankin Kassena-Nankana, shirin MOTECH da aka soma a 2010 ya ba mata zaɓi tsakanin rubutu da murya cikin harshensu. Kusan dukansu murya suka zaɓa.

Na biyar, asiri. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana kuwa hannun maigida ko babban ɗa. In sakamakon gwajin jini ya faɗa hannun da ba na mai shi ba, an ɓata amana, mara lafiya kuma ba zai koma ba.

Sauran abu ɗaya, wanda ya fi su duka. Waya ba ta karɓar haihuwa. A Jihar Ondo, shirin Abiye da aka fara a 2009 a Ƙaramar Hukumar Ifedore ya raba wa masu ciki wayoyi. Amma an haɗa da ma'aikatan da ke bin su gida, da abin hawa na gaggawa, da haihuwa kyauta a asibiti. In mace ta kira da tsakar dare, akwai mai amsawa, akwai kuma mai zuwa.

Mai karatu, da yawa cikinmu muna cikin kwamitin ɗakin shan magani na gari ko na ikilisiya. In aka kawo muku irin wannan shiri, kada ƙyallin waya ya ruɗe ku. Ku tambaya: Zai rage wa nas aiki? Wa zai biya bayan baƙi sun tafi? Da wane harshe zai yi magana? Wa zai ga saƙon? In an kira, wa zai zo? A gida kuma, ku ba asibiti lambar da ke aiki. Maigida, in saƙon awo ko na allurar yara ya shigo wayarka, ka isar wa uwargida a ranar.